Nazarin Jigo a Fim: Misali Daga The Lego Movie

Gabatarwa

Ba kasafai jigo ke fitowa fili tun farkon labari ba. Wani lokaci sai an kai ƙarshe mai nazari zai gane cewa abin da ya ɗauka jigo ne, ashe reshe ne kawai. Wannan darasi zai nuna hakan ta hanyar duba fim ɗin katun mai suna The Lego Movie, wanda kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar a shekarar 2014, Phil Lord da Christopher Miller suka ba da umarni.

Lego dai ƙananan tubalan roba ne da yara ke harhaɗawa su gina gida ko mota. Wani kafinta ɗan ƙasar Danmak, Ole Kirk Christiansen, shi ya kafa kamfanin a garin Billund a 1932. Akwatunan tubalan kan zo da ɗan littafin umarni mai nuna yadda za a yi ginin daki-daki, kuma a kan wannan littafi aka ɗora labarin.

Warwarar Jigo

Babban tauraro shi ne Emmet, leburan gini wanda ko gaisuwa ba ya yi sai ya duba umarni. Kwatsam sai aka ɗauke shi a matsayin gwarzon da wani tsohon makaho, Vitruvius, ya yi busharar zuwansa, wanda zai hana azzalumin shugaba Lord Business daskarar da duniya da gam. Mai gaggawa zai ce jigon shi ne yaƙi da zalunci, ko kuma fifikon ƙirƙira a kan bin ƙa'ida.

To amma akwai abubuwan da ke warware wannan zato. Gwanayen magina da Emmet ya haɗu da su, kowa gaban kansa yake yi, shi ya sa jirgin ruwan da suka haɗa ya tarwatse. Ba su kama hanyar nasara ba sai da suka bi tsarin da Emmet ya shimfiɗa masu. Busharar ma, daga baya tsohon ya amsa cewa shi ya ƙaga ta.

Daga nan sai fim ɗin ya fice daga katun, aka ga mutane na zahiri. Ashe duk labarin wani yaro ne mai suna Finn yake tsara shi da tubalan mahaifinsa, wanda ya hana a taɓa su, har yana shirin manne su da gam. Azzalumin shugaban nan uban ne a idon ɗansa. A tatsuniya an san mai ba da labari tun daga buɗewa. A nan kuwa an ɓoye shi, kuma bayyanarsa ce ta mayar da jigon kan dangantakar babba da yaro.

Ya kamata malami ya tuna cewa fim ɗin talla ce ta kayan kamfani, ko da yake an yi ta da gwaninta. Ɗalibai su iya rarrabe saƙon labari da bukatar mai sayarwa.

Aiki

Kawo hujjoji biyu daga fim ɗin da ke nuna cewa bai yi watsi da bin ƙa'ida ba, sannan ka bayyana yadda jigon zai kasance da an cire fitowar Finn da mahaifinsa.