Itacen Bakin Hanya da Dabbobin da Yake Kira

Wanda ya taso daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi da Cadawa, ya bi ta Agiye zuwa Gazawa, hanya guda ya bi, wato babbar hanya mai lamba 1 wadda ta haɗa Yamai da Damagaram. A mashigar garuruwa yakan tarar da layin dogon yaro, ƙarƙashinsa masu tsire da masu faci da fasinja suna jiran mota. Wannan inuwa ba da kanta ta zo ba. Tun 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka mayar da 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ranar dashen itace. A 1984 kuma aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Manufar gwamnati mai kyau ce: itace yana tare iska, yana riƙe ƙasa, yana hana rairayi hawa kwalta.

To, amma akwai abin da masu dashe ba su cika tunawa ba. Itace ba mutum kaɗai yake kira ba.

Ka dubi gawo. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, yana zubar da ƴaƴa, awaki da tumaki su yi dafifi a gindinsa. In taku biyar ne tsakaninsa da kwalta, an shimfiɗa musu akushi ke nan a bakin mutuwa. Magarya da aduwa su ma haka suke jawo kurege. Da dare bushiya ta fito, fitila ta haske ta, ita kuwa dabararta ɗaya ce, ta dunƙule. Ƙaya tana korar kare, ba ta korar taya. Da safe ungulu ta sauka a kan mushen, motar da ke tafe ta haɗa da ita. Wani zai ce, ungulu ce fa. To, ya tambayi mahauta yaushe rabon da su ga ta cika mahauta kamar dā. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Wannan hanyar dai ita ce ta ratsa yankin Kure, inda raƙuman dawa suke. A 1996 saura 49 kacal, kuma ko da suka farfaɗo mota ta sha kashe su wajen tsallakawa. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai su gandun Gadabeji, nan cikin jiharmu ta Maraɗi. Dokar farauta ta 1998 tana iya kama mai bindiga, amma ba ta iya tsayar da motar da ta riga ta ɗauki gudu.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa a bar dashe. A dasa, amma a ja baya daga kwalta, masu ƴaƴa su fi nisa. Kada a dasa a kwana, kada a toshe inda burtali ya tsallaka hanya, don direba ya hangi garke tun daga nesa. Kada kuma a mai da kowane rami na dogon yaro. Dogon yaro ɗari a jere inuwa ce, ba daji ba ne.

Manomi yakan ce itace gidan jan baki ne, zai kira su kan gero. Kukansa abin saurare ne, tunda shi ya sha ranar. Sai dai a bisa itace shamuwa take sheƙa da damina, ita ce kuwa take bin gona tana tsince fara.

Mutanen Agiye ba sa bukatar a koya musu daga nesa. A Ɗan Saga da ke yankinsu, da sassabin zamani aka mai da itatuwa gona: a bar toho biyu ko uku a kututturen sabara ko kalgo, a sassabe sauran, a kafa kwamitin gari mai tsaro, har da mata da makiyaya a ciki. Irin wannan kututture yana nan birjik a gefen hanya, saiwarsa ta daɗe da nitsewa ƙasa, ba ya neman ban ruwa. Kafin a haƙa ramin 3 ga Agusta mai zuwa, magajin gari da ma'aikatan gandun daji da sarkin Fulani su taka gefen hanyar da ƙafa, su ƙirga kututturan, su ga inda sawun dabbobi yake hawa kwalta.