Matakan Kare Laftof Daga Zafi da Ƙurar Sakkwato

Abu biyu ne ke cin laftof a Sakkwato tun ba ta tsufa ba: zafin bazara da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, da hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai rubuta furojet da mai shagon buga takardu, duk abokan gabarsu ke nan.

Mataki na 1: Saurari fanka. In tana gurnani ba hutu, ƙasan kwamfutar ya ɗau zafi, ko ta mutu da kanta kana cikin aiki, to iska ce ba ta fita. Ƙwaƙwalwarta kan rage gudu idan zafinta ya doshi digiri 100, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Daina ɗora ta a kan katifa ko filo, domin suna toshe ramukan iska. Tebur ko faranti ya fi, ka ɗan ɗaga bayanta.

Mataki na 2: Fitar da ƙura. Kashe kwamfutar, zare caja, ka share ramukan da busasshen buroshin haƙori. Da hunturu ya wuce, kai ta a buɗe a share fankar, a kuma sabunta man nan da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye zafi. Yakan bushe, balle a kwamfutar gwanjo da ta yi shekaru a hannun wani. Ni a ganina wannan ne gyaran da ya fi kowane amfani a garin nan, kuma shi aka fi sakaci da shi.

Mataki na 3: Lallaɓa batir. Zafi na rage masa kwana, saboda haka kada ka bar kwamfutar cikin mota da rana. Kamfanoni irin su Lenovo da Dell da ASUS suna da manhajar taƙaita caji kada ya cika maƙil, kunna ta. Idan aka dawo da wuta ko aka tayar da janareta, dakata kaɗan kafin ka jona. Batirin da ya kumbura har ya ɗago madannai kuwa, a cire shi ranar, don yana iya kamawa da wuta.

Mataki na 4: Idan kwamfutar ta ƙi kunnuwa, zare caja da duk abin da aka maƙala mata, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka gwada wata cajar mai ƙarfi iri ɗaya.

Mataki na 5: Idan tana nauyi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga manhajar da ke cinye ƙarfinta. Sauya tsohon faifan ajiya da SSD kan farfaɗo da ita sosai. Mai Windows 10 ya sani cewa Microsoft ya rufe tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ya duba ko tasa za ta ɗauki Windows 11.

Mataki na 6: Kafin ka miƙa wa mai gyara, kwafe takardunka a filash ko Google Drive, ka rubuta girman RAM da na faifanka, ka sake dubawa ranar karɓa.