Darasin lafiya: ciwon da ke raba mutum da kansa

Masu karatu, darasinmu na yau ya shafi wani irin taɓin hankali mai sa mutum ya ɓace wa kansa.

Kowannenmu ya san sunansa da danginsa da sana'arsa, ya kuma san tunanin da ke zuciyarsa nasa ne. Wannan sanin ne ciwon yake girgizawa. Marar lafiya yakan ji muryoyi suna zancensa, alhali babu kowa kusa. Yakan ce wani ne ke zuba masa tunani a ka, ko ƴan kasuwa na jin abin da ke ransa. Wani ya ce shi sarki ne, wani ya ce an musanya masa mata. Ba ƙarya yake shiryawa ba. A wurinsa gaskiya ce tsantsa.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 300 ke fama da irin mai daɗewa, wanda yakan soma a ƙuruciya. Shan wiwi, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, su ma sukan rikita hankali. Mace 1 ko 2 cikin 1000 takan kamu bayan haihuwa.

Akwai magani, a sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai da wasu asibitocin jihohi. Yakan ɗauki makonni kafin ya kama, kuma ba a barinsa sai da izinin likita.

Amma magani kaɗai ba ya mayar wa mutum kansa. Idan muryoyin sun lafa, kunya takan biyo baya, ya riƙa tambaya: wane ne ni yanzu? Amsar tana hannunmu. Wanda aka sa wa mari, yara na kiransa mahaukaci, da wuya ya tuna shi manomi ne, uban ƴaƴa.

Saboda haka:
1. Mu kira shi da sunansa.
2. Kada mu yi gardama da shi kan abin da yake ji, kada kuma mu gaskata masa.
3. Mu kai shi asibiti da wuri.
4. In ya samu sauƙi, mu mayar masa da hauyarsa da wurin zamansa a bakin akushi.

Tambaya ga ɗalibai: wane aiki za ku soma ba ɗan'uwa da ya dawo daga jinya?