Darasin Juma'a: Sauya sana'a ba faɗuwa ba ce



Tun ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Apapa da Surulere, yaranmu da dama 'yan Chinade da Azare suka rasa abin yi. Wasu sun koma gida noman gero da wake, wasu na nan suna jiran a ɗage dokar. Jiran nan shi ke cinye jari.

Ba kanmu farau ba. A 2013 Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, da yawa suka koma Adaidaita Sahu, kuma ga su nan suna ci da iyali. Mu tuna Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda. Ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

To, mai shirin canji ya kula da abu huɗu.

Na ɗaya, istihara da shawara. Tambayi wanda ya daɗe a sana'ar, ba wanda ya ji labarinta ba. Uwargida ma a gaya mata, domin tukunyarta ce za ta fara jin canjin.

Na biyu, koyo kafin zuba kuɗi. In kayan gwari kake so a Mile 12, zauna ƙarƙashin maigida ka ga damina, ka ga rani. Tumatir ba ya jiran mai saye.

Na uku, kuɗin babur jari ne, ba na cefane ba. Kuma a guji bashi da ruwa.

Na huɗu, a ajiye girman kai. Dako, wankin takalmi, tura ruwa, duk halal ne. Wadatar zuci ita ce ka kwanta ba haƙƙin kowa a kanka, ba wanda zai biyo ka da dare.

Ku kuma iyayenmu Alhazai masu shaguna, don Allah kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Mai neman wuri da mai neman yaro su same ni bayan sallah, zan rubuta sunaye.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.

Sakataren masallaci