Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Yadda Ake Haɗa Wayoyin Kwamfuta Su Raba Nauyi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta hanyar kwamfuta. Ɗalibin da ya taso daga Kawo ko Unguwar Rimi zai tarar da zaure cike da kwamfutoci, kowace da wayarta da ta nufi wani akwati mai kafofi da yawa da ake kira suwici. Aikinsa shi ne karɓar saƙo ya miƙa shi ga mai shi. Daga suwicin kuma akan ja waya zuwa wani suwicin da ke kusa da babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi. Idan wannan waya ɗaya ce tak, ta cushe ko ta tsinke, duk zauren ya tsaya cik alhali lokaci yana tafiya.

Darasi Daga Jikin Ɗan Adam

Jijiyoyi huɗu ne ke kai jini ƙwaƙwalwa, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya. Suna haɗuwa a wani zobe a gindin ƙwaƙwalwa, wanda likitan Ingila Thomas Willis ya bayyana a 1664. Idan ɗaya ta ƙuntata, sau da yawa sauran kan taimaka. Haka ma mazaunin Kaduna ya sani cewa in gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello ta cushe, akan zagaya ta wata gadar a tsallake kogi.

Sai dai ƙara waya kawai ba ya wadatarwa. Wayoyi biyu tsakanin suwici biyu kan sa saƙo ya yi ta kewayawa ba iyaka. Don haka tsarin da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985 kan toshe ɗaya, ya ajiye ta don ko-ta-kwana. Mafita ita ce a ɗaure wayoyin su zama dami guda, suwici ya ɗauke su tamkar waya ɗaya. Kamfanin Kalpana ya fito da wannan dabara a farkon shekarun 1990, Cisco ya saye shi a 1994, sannan ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar bai-ɗaya mai lamba 802.3ad a shekarar 2000, wadda ta koma 802.1AX a 2008.

Yadda Ake Saitawa

Da farko a zaɓi kafofi masu gudu iri ɗaya. Na biyu, a sanya su rukuni guda a kowane suwici. Na uku, a kunna tsarin gaisuwa da ake kira LACP. Kowane ɓangare yana iya zama mai fara gaisuwa ko mai jiran a gaishe shi. Idan dukansu masu jira ne, damin ba zai ɗauru ba. Gaisuwar kan gudana duk daƙiƙa 1 ko duk daƙiƙa 30, kuma in an rasa ta sau uku a jere sai a cire wayar daga dami.

Rabon Nauyi

Suwici ba ya watsa gutsattsarin saƙo guda a kan dukkan wayoyi, domin za su isa a hargitse. Lissafi yake yi da adireshin mai aikawa ko na mai karɓa. Alal misali, a dami mai wayoyi 4 masu lamba 0 zuwa 3, a raba lambar kwamfuta da 4, ragowar ita ce wayarta: kwamfuta ta 21 ta bi waya ta 1, ta 22 ta bi ta 2, ta 25 ta sake bin ta 1. Nan ne ake yawan kuskure. Idan aka yi lissafin da adireshin mai karɓa kaɗai, alhali kowa babbar kwamfuta ɗaya yake nufa, dukkan saƙonni za su tattaru a waya guda, uku suna zaune.

Kammalawa

Wayoyi 4 masu gudun gigabit 1 suna ba jama'a gigabit 4, amma hira guda tsakanin kwamfuta biyu ba za ta wuce gigabit 1 ba. In ɗaya ta tsinke, ukun su raba kayanta, jarrabawa ta ci gaba. Ga tambaya ga ɗalibai: bayan tsinkewar, in aka koma rabawa da 3, wace waya kwamfuta ta 25 za ta bi?