Gyaran Gangar Auzinawa: Abin da Ke Faruwa Idan An Sabunta Manhajar Dikoda

Gabatarwa

Wani dare na saita dikodata domin ta naɗi wani shirin kimiyya da nake son nuna wa ɗalibaina. Da gari ya waye na kunna akwatin talabijin, sai na tarar da saƙo cewa kamfani ya sabunta manhajar na'urar cikin dare. Jerin shirye-shirye ya sauya wuri, wasu maɓallan rimot sun sauya aiki, shirin da na yi wa tanadi kuwa ba a naɗe shi ba. Irin wannan shi Bahaushe ke kira gyaran gangar Auzinawa. To, amma mai neman ilimi ba ya tsayawa ga fushi, sai ya tambayi dalili. Manufar wannan darasi ita ce bayyana yadda sabuntawa ke shiga na'ura, da abin da kan sa ta zo da matsala.

Daga kaset zuwa kwamfuta

A da, da kaset ake naɗar shirin talabijin. Kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC kuma ya fito da VHS a 1976. Na'urar kaset yadda ka saye ta haka take zama har ta tsufa. A 1999 aka fara sayar da TiVo da ReplayTV a Amurka, waɗanda ke ajiye shiri a faifan ajiya irin na kwamfuta. Ƙaramar TiVo ta farko tana ɗaukar shiri na awa 14. Daga baya kamfanonin kebul da na tauraron ɗan'adam suka sa wannan fasaha cikin dikodojinsu, har da DStv da muka sani a nan Nijeriya.

Ke nan dikoda mai naɗi kwamfuta ce. Hoto da sauti kan shigo mata a matsayin ƙwayoyin bayani da ake kira bit, wato 0 da 1. Idan shiri na zuwa da bit miliyan 4 a kowace daƙiƙa, awa ɗaya za ta ba da bit miliyan 14,400. A raba da 8, a sami bait miliyan 1,800, wato gigabait 1.8. Mai lura da duk wannan kaya ita ce manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya wa na'ura lokacin naɗi, da wurin ajiya, da aikin kowane maɓalli.

Yadda sabuntawa ke isowa

Kamfani kan aiko da sabuwar manhaja ta hanyar da shirye-shirye ke bi, ko ta intanet. Idan ta tauraron ɗan'adam ce, akan yayyanka ta gunduwa-gunduwa, a riƙa maimaita aikowa ba tsayawa, domin dikodar da ta rasa gunduwa ɗaya ta same ta a zagaye na gaba.

Kafin na'ura ta karɓa, takan yi bincike iri biyu. Na farko, ko saƙon ya iso lafiya. A sauƙaƙe, idan an aiko da 3 da 7 da 5, akan haɗa da jimillarsu, wato 15. In hadari ya mai da 7 ta koma 9, jimilla za ta zama 17, sai na'ura ta gane an sami tangarɗa. Na biyu, ko saƙon na ɗauke da sa hannun kamfani, wanda hatimi ne na lissafi mai wuyar ƙirƙira. Bayan haka sai a rubuta manhajar cikin ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa ko da an kashe wuta.

Dalilan matsala

Na farko shi ne yankewar wuta. Idan aka ɗauke lantarki alhali an goge tsohuwar manhaja, sabuwa kuma ba ta gama shiga ba, na'ura na iya ƙin tashi sam. Saboda haka na'urori masu inganci kan keɓe wuri biyu: a rubuta sabuwa a ɗaya, a bar tsohuwa a ɗayan har sai an tabbatar sabuwa ta yi aiki.

Na biyu, tsufan na'ura. Manhajar da aka tsara domin sabuwar dikoda takan yi wa tsohuwa nauyi, kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Shi ya sa ake latsa rimot a yi ta jira.

Na uku, kuskuren masu rubuta manhaja. Ba su iya gwada ta a kan kowane irin talabijin da kowane yanayi, don haka wani kuskuren sai ya isa gidajen mutane yake bayyana.

Na huɗu, sauya tsari da gangan. A 2017 TiVo ta fito da sabon tsari da aka fi sani da Hydra. Mutane da yawa sun koka da shi, wanda kuma ya zaɓi komawa ga tsohon tsari sai ya rasa duk abin da ya naɗa.

Na'urar wane ce?

A nan babban darasin yake. Kai ka biya kuɗin akwatin, amma kamfani ke da iko da manhajar cikinsa, kuma galibi abin da ka naɗa a kulle yake, ba ya buɗuwa a wata na'ura. TiVo ta yi amfani da Linux, manhajar da kowa ke da damar gyarawa, amma na'urarta ba ta karɓar gyaran da babu sa hannun kamfani. Richard Stallman ya soki wannan, kuma lasisin GPL na 3, wanda ya fito a 2007, ya zo da sharaɗin hana shi. Duk da haka sabuntawa na da amfani, domin da ita ake toshe kafar masu kutse, a kuma gyara kurakuran baya.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Kada a zare wayar dikoda ko a kashe janareta yayin da sabuntawa ke gudana. Bayan ta ƙare, a duba jerin shirye-shiryen da aka saita, a tabbatar suna nan. Malamin da ya tanadi shiri domin aji kuwa, ya nuna shi da wuri, kada ya ɗauki dikoda rumbu.

Tambayoyi don nazari

1. Awa nawa faifai mai gigabait 500 zai ɗauka bisa lissafin da aka yi a sama?
2. Me ya sa ake keɓe wa manhaja wuri biyu?
3. Ku tattauna a aji: ya dace kamfani ya sauya tsarin na'ura ba tare da izinin mai ita ba?