Kafin Ka Yafe Wa Wanda Ya Yi Maka Ɓarna, Tuntuɓi Kamfanin Inshorarka

Inshora ba hanyar cin riba ba ce. Iyakarta ta cike maka gurbin abin da ka rasa. Don haka da zarar kamfani ya biya ka diyya, haƙƙinka na bin wanda ya jawo asarar ya koma hannunsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta fayyace wannan tun 1883, a shari'ar Castellain da Preston. Gobara ta taɓa wani gida a Liverpool bayan an ƙulla cinikinsa, kamfani ya ba mai gidan fam 330, mai saye kuma ya biya kuɗin gidan cif. Kotu ta ce a mayar wa kamfani kuɗinsa. Wannan ƙa'ida tana aiki a kotunan Najeriya.

Rigima takan yi tsami ne idan kamfanoni biyu suka tsaya wa mutum ɗaya. A jihar Texas ta Amurka, an sasanta ƙarar hatsarin mota da aka kai wani ɗan kwangilar gina hanya a kan dala miliyan 1.5. Cikin kamfanonin inshora biyu da suka tsaya masa, Liberty Mutual ya biya miliyan 1.35, Mid-Continent ya kafe a kan 150,000. Liberty ya garzaya kotu neman cikon kason abokin tarayyarsa, amma a 2007 kotun ƙolin jihar ta ƙi. Dalilinta: an riga an sauke wa ɗan kwangilar nauyin baki ɗaya, ba ya bin kowa komai, kuma magaji ba ya gadon abin da babu. Kamfanin da zai biya fiye da kasonsa, ya fara ƙulla yarjejeniyar rabo a rubuce.

Kai mai inshora, ga inda nake jiye maka. Direba ya buge maka mota, dattawa sun shiga tsakani, ka ce ka bar wa Allah, har ka sa hannu. Yafiya abar yabo ce, amma ka kashe haƙƙin da kamfani zai gada, kuma yana iya rage diyyarka ko ya hana ka. Rubuta masa tukuna, ka jira amsa. Idan kana da inshora biyu kan kaya ɗaya, sanar da kowanne tun farko. Adana rahoton 'yan sanda da rasidai da hotuna. In kuma kamfanonin suka shiga jefa wa juna nauyi kai kana jira, kai ƙorafi hukumar kula da harkar inshora, NAICOM, a rubuce, da lambar takardar inshorarka.